Kwikwiyon Hawa na Huɗu

A tashar Agadas aka fara yi mini ƙarya, kuma ban gane ƙarya ce ba sai da aka shekara har da ɗoriya.

Sunana Habu, mutumin Baure ne ni a ƙasar Daura. Babana mafarauci ne, cikin karnuka na buɗe ido, amma ni noma na kama da ɗan kiwon tumaki. Damina biyu a jere gero ya ƙi, ga matata Hinde, ga 'yarmu ta fara rarrafe, sai na bi sahun masu tafiya arewa neman aiki. Wanda ya yi mini ƙaryar wani dillalin matafiya ne mai haƙorin Makka, kullum da tsinken sakace a baki. Ya tambaye ni abin da na iya, na ce kiwo.

"Kai ka taki sa'a," ya ce. "Akwai wata gona can bakin teku, dabbobi ne zalla, irinka ake nema." Ya yage kwalin ganyen shayi ya rubuta lamba a baya. "Ka kai kanka Tamanrasat, ka kira wannan."

"Tumaki ne ko shanu?"

Ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen bakin. "Dabbobi dai. Masu tsada."

Ba zan tsaya ba da labarin sahara ba. Wanda ya bi hanyar ya san ta, wanda bai bi ba kuma ko an faɗa masa ba zai gane ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da ke gabana a bayan mota, wanda ya yi ta amai iska tana dawo mini da shi a fuska, ba halin motsawa, don in ka saki sandar da kake riƙe da ita sai dai wani ba kai ba. Sai kuma wata dattijuwa 'yar Matamaye, da ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan shanta ta miƙo mini na goge ido. Har yau ban san sunanta ba.

A Tamanrasat lambar ta ƙi shiga. Na kira da safe, na kira da yamma, mako guda cur, sai wata murya ta mace tana maimaita magana ɗaya da Larabci. Na haƙura na shiga aikin gini, ɗaukar bulo da kwaɓa siminti. Mu goma sha ɗaya ne a ɗaki guda, bokiti ɗaya, shi ne na wanka, shi ne na wanki, wani lokaci ka tarar wani ya jiƙa gari a ciki. Wanda ya riƙe ni a garin wani tela ne mutumin Mashi, Malam Idi, da ya daɗe a can har gemunsa ya yi fari. Shi ya koya mini Larabcin ƙasar, wanda bai yi kama da na makarantar Islamiyya ba ko kaɗan. In kewar gida ta taso mini sai in je shagonsa in zauna a kan buhun ƙyalle, ba don komai ba sai don in ji ana Hausa irin tamu. Ran Juma'a yakan dama kunun gero ya ba ni a kofin roba. Geron ba ya kai na Baure, amma nakan sha da ido a rufe.

Wata rana, bayan wata goma sha huɗu, ina zazzage aljihun jaka sai ga kwalin nan. Na kira don wasa. Sai aka ɗauka.

"Ka iya dabbobi?" in ji muryar wani namiji.

"A cikinsu na tashi."

"Taho Wahran."

Malam Idi ya ce, "Habu, arewa ba kamar nan ba ce. A can baƙin mutum marar takarda kamar farar kaza yake a cikin baƙaƙe, daga nesa ake hango shi." Na ji, amma siminti ya riga ya cinye mini tafin hannu. Na tafi.

Gonar tana bayan garin Wahran, can bakin teku, kuma tun kafin a buɗe ƙofa hancina ya ba ni labari. Tsohon gidan kaji ne na kwano, dogo, ba taga sai 'yan ramuka a sama. A ciki keji ne a kan keji, hawa uku, kowanne da kare. Fitsarin na sama yana zuba a kan na tsakiya, na tsakiya a kan na ƙasa. Zarni da ɗoyin kashi da warin ruɓaɓɓen ƙashin kaji suka haɗu suka tokare ni a maƙogwaro. Na koma waje da gudu na amayar da burodin da na ci a mota.

Mai wurin yana tsaye yana dariya. Si Jamal ake ce masa, kamar yadda mu za mu ce Malam Jamal. Mutum ne mai tsabta, farin takalmi, ƙamshin turare, kuma a wata bakwai da na yi a wurin ban taɓa ganin ya wuce bakin ƙofar nan ba. Daga nan yake ba da umarni, da hankici a hanci.

"Za ka saba," ya ce. "Na gabanka ma ya saba."

Ni ba baƙon kare ba ne. A gidanmu kare ba ya shiga ɗaki, ba ya lasar kwano, in yawunsa ya taɓa tufarka sai ka wanke kafin salla. Amma karen Baba yana da sunansa, yana da inuwarsa a gindin rumbu, yana shiga daji ya dawo da ƙaya a ƙafa a cire masa. Waɗannan kuwa ba su taɓa taka ƙasa ba. Akwai wata karya da faratanta suka yi tsawo har suka naɗe a jikin wayar keji. Aikinta haihuwa kawai. Ta haihu, a kwashe, a sake haɗa ta.

Kwashewar ita ce aikina. Da 'yan kwikwiyo sun kai mako huɗu, ido ya buɗe, gashi ya yi laushi, sai Si Jamal ya nuna da yatsa daga bakin ƙofa. In ɗauko, in yi musu wanka da sabulu mai ƙamshi, in busar, in kai wani ɗan ɗaki a gaba, wanda shi kaɗai ne mai tsabta a duk gidan. Akwai farar darduma a ciki da furen roba. A nan yake ɗaura musu jan ƙyalle a wuya ya ɗauki hoto da waya. Kafin la'asar masu motoci sun fara zuwa.

Ran farko na ce masa, "Si Jamal, waɗannan ba su isa rabuwa ba. A wurinmu sai uwar ta fara yi musu gurnani in sun zo nono, wata biyu ko fiye. Wanda aka cire da wuri ba ya zama daidai."

"A wurinku," ya ce. "A nan ƙarami ake so. In ya girma ya zama kare, wa zai saya?"

Uwar kuwa, in aka kwashe, kwana uku take yi tana kuka tana tonon wayar keji, nono ya kumbura ya yi tauri kamar dutse. Nakan dafa ruwa in gasa mata da tsumma. Ba wanda ya sa ni. Na gaji da jin kukan ne kawai.

Sai daga baya na gane kasuwancin hawa biyu ne. Bayan mako biyu ko uku masu sayen sukan bugo waya: kare ya hana maƙwabta sakat, in an fita aiki yana kuka har a dawo, ya cinye kujera, ya ɓata gida. Si Jamal ba ya karɓar kare a mayar. Sai ya sayar musu da magani. Ko dai wani abin wuya mai batir, wanda in kare ya yi haushi yake jan sa kamar wutar lantarki, ko wasu fararen ƙwayoyi a leda ba suna. Shi ya haddasa ciwon, shi kuma yake sayar da maganin.

A wata na bakwai wata mata ta zo da kanta. Madam Salima, ma'aikaciyar wani ofis a tashar jiragen ruwa, ita kaɗai take zaune a bene. Ta riƙo wani ɗan farin kwikwiyo mai kunne a kwance, na gane shi, ni na yi masa wanka. Ta sa masa suna Sukkar, wato sukari. Ƙafafunsa na gaba duka a naɗe da bandeji. Ta nuna hoto a waya: ƙasan ƙofar gidanta a kankare har katako ya fito fari, da jini shafe-shafe.

"Maƙwabta sun ba ni mako biyu," ta ce, tana hawaye. "Ko shi ya fita, ko mu fita tare."

Si Jamal ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba. "Madam, Allah ya taimake ki. Wannan ƙwararre ne, daga Afirka na ɗauko shi. Kakanninsa da zakuna suke kokawa. Kwana goma zai yi yana zuwa gidanki, ki ga aiki."

Daga Afirka, kamar shi a wata duniya yake tsaye. Da ta fita ya goge hannun da ya taɓa ni da hankici, ya miƙo mini leda. "Rabin ƙwaya a abinci kullum da safe. Ka zauna, ka kalli talabijin. Kwana goma. Abin da ya faru bayan nan ba ruwanmu."

Gidan Madam Salima yana hawa na huɗu. Direban Si Jamal yakan ajiye ni a ƙofar benen da sassafe ya dawo da yamma. Ranar farko da na shiga, karen yana kwance a kan gadonta, a kan matashin kai. Ta sunkuya ta sumbace shi a baki, shi kuma yana lasar leɓenta. Na kawar da kai. Da ta ɗauki makulli daga kan tebur, ƙarar makullin kawai, sai ya diro daga gado ya fara rawar jiki. Yawu yana dalala, yana zagaya ƙafarta. Ta durƙusa ta rungume shi tana lallashi, tana kuka, tana ba shi haƙuri kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Tana rufe ƙofa ya tsuguna ya saki fitsari, sannan ya faɗa wa ƙofar da ƙafafun nan masu bandeji. Kukan ba haushi ba ne. Wani siririn ihu ne mai shiga ƙashi, ba numfashi a tsakani.

Na yi abin da aka sa ni. Na murƙushe rabin ƙwaya a cikin abincinsa.

Bayan rabin awa ya yi shiru. Yana kwance a gefe ɗaya a kan tayil, ido a buɗe, harshe a waje. Ya yi ƙoƙarin tashi ƙafafun suka ƙi. Ya sake yin fitsari a kwance, ya jiƙa cikinsa. Na matsa kusa sai na ji ashe kukan bai tsaya ba, yana nan can ƙasan maƙogwaro, ƙarfin fitar da shi ne babu. Idonsa yana kan ƙofa. Tsoron yana nan daram, jikin kawai aka ɗaure. A duk ƙazantar da na kwasa a gidan kajin nan, ban taɓa jin ƙyamar kaina ba sai ran nan. Na tashi na juye ledar a masai na kora ruwa.

Abin da na sani kawai shi ne yadda Baba yake yi in ya karɓo ɗan kwikwiyo. Yakan ɗaure shi a gindin rumbu, ya jefa masa tsohuwar rigarsa da ƙashi, ya zaga bayan rumbun ya dawo kafin kuka ya fara. Gobe ya ƙara jimawa. Ba ya sallama in zai tafi, ba ya murna in ya dawo. Yakan ce, "So nake ya ɗauka tafiyata ba labari ba ce."

Da Madam ta dawo na ce ta ba ni tsohuwar riga wadda ba a wanke ba. Ta dube ni kamar na nemi wani abin kunya, amma ta ba ni. Na ce gobe in za ta fita kada ta rungume shi, kada ta ce masa komai. Makullin kuma ta riƙa ɗauka tana ajiyewa haka kawai, sau goma a yini, har ƙarar ta zama banza.

Washegari na fara. In ba shi ƙashi a kan rigar, in fita, in ja ƙofa, in tsaya a kan matakala. Wayata a jaka take a ciki, da carbi nake auna lokaci. Ranar farko ko ƙwaya goma ban ja ba ya fara. Na gane na yi gaggawa. Na koma ƙwaya uku, in buɗe in shiga in zauna kamar ba abin da ya faru. Fita, shiga, fita, shiga, har na daina ƙirgawa. A rana ta uku ya kai carbi guda cur yana gwaguyar ƙashi.

A ranar ce na yi kuskure. Madam ta dawo da fara'a ta ce lallai Si Jamal ya san aiki. Na kasa jure yabon nan. Na gaya mata komai: mako huɗu, kejin, ƙwayoyin. Na ce, "Don Allah, Madam, tsakanina da ke. Ni ba ni da takarda."

Ban rufe baki ba ta ɗauki waya. A gabana ta kira shi, tana ihu, tana cewa za ta tona masa asiri a wurin duk wanda ya taɓa sayen kare a hannunsa. Sau uku na ji sunana. Da ta gama ta juyo tana huci ta ce, "Ka ga yadda ake yi da irinsu." Ko a jikinta.

Na zaci da na koma gona za a yi tashin hankali. Si Jamal yana bakin ƙofa da hankicinsa. Ya dube ni ya yi murmushi. "Ƙwararre," ya ce. "Ka ƙarasa kwana gomanka." Shi ke nan. Da na san halin mutane kamar yadda na san na karnuka, da a ranar na gudu. Kare ma mai gurnani ya fi sauƙi.

Tsayuwar matakala kuwa ta fara jawo ido. Wani mutum a hawa na uku, duk lokacin da ya wuce sai ya kira ni da sunan da suke kiran baƙar fata, ya tofar da yawu kusa da ƙafata. A ƙofar da ke kallon ta Madam kuma akwai wata tsohuwa, Lalla Zuhra, kamar mu ce Iya Zuhra. Kwana biyu tana leƙena ta tsagar ƙofa. A na uku ta buɗe.

"Kai, me kake tsaye kana yi a nan kamar ɓarawo?"

"Kare nake koya wa zaman kaɗaici, Iya."

"Kare!" Ta yi tsaki. "Kare a ɗaki, a kan gado! Mala'iku sun yi ƙaura daga wannan hawa tun ran da aka kawo shi. Kai Musulmi ne?"

Na ɗaga mata carbi.

"To me ya kai ka?"

"Abinci, Iya."

Ta rufe ƙofa da ƙarfi. Can sai ta sake buɗewa, ta turo wata kujerar roba da ƙafa. Washegari kujerar tana nan, da kofin gahawa a kai da gutsuren burodi da man zaitun. Kullum sai ta zagi karen, ta zagi Madam, ta zagi zamani, sannan ta tambaye ni, "Yau carbi nawa ya kai?" In na faɗa sai ta ce, "Hm. Ɗan banza," ta koma ciki.

A rana ta tara ya kai kusan awa guda. An cire bandejin, ƙafafun sun fara warkewa. Da hantsi na leƙa na gan shi ya yi barci a kan rigar, ƙashi a tsakanin ƙafafu. Na ja ƙofa a hankali na kulle, na zauna a kujera. Raina fari ƙal, rabon da in ji haka tun Baure.

Sai na ji takalma suna hawowa. 'Yan sanda biyu ne. Ba su tsaya a hawa na uku ba, ba su yi dube-dube ba. Na gaba ya duba wata takarda ya ce, "Abubakar Sale?"

A duk garin nan mutum ɗaya ne ya san cikakken sunana, wanda ya ɗauki hoton katina ran da na fara aiki.

Ba su doke ni ba. Sun ce in miƙe in juya. Na ce, "Ku bar ni in ɗauki jakata, ga ɗakin nan." Suka ce a'a. Na ce, "Akwai ɗan kare a ciki, mai gidan ba ta dawowa sai yamma." Ɗayan ya yi dariya. Maganarmu ta tashe shi, na ji farata a jikin ƙofa. Lalla Zuhra ta buɗe tata ƙofar tana salati. Kafin su kama ɗaya hannun na ciro makullin na jefa, ya faɗi gaban silifas ɗinta. Ta dube shi kamar kunama.

Ihun nan ya fara tun muna hawa na uku, ya biyo mu har titi. Aikin kwana tara ya rushe kafin a buɗe ƙofar mota.

Daga nan kuma tafiya ce ta komawa kudu, wadda ban biya ko sisi ba. Wani babban fili mai shinge, mu ɗaruruwa, masai biyu da suka cika suka tumbatsa. Sai manyan motoci, kwana da kwanaki, burodi da ruwa. Mun wuce ta gefen Tamanrasat, na hango hasumiyar masallacin da ke kusa da shagon Malam Idi, ba halin ko ɗaga hannu. A ƙarshe aka sauke mu a cikin rairayi da sassafe, aka nuna mana kudu da hannu aka ce Asamaka, garin bakin iyakar Nijar, tana can. Takalmina ɗaya ya tsinke tun a fili. Na yage hannun rigata na naɗe ƙafar. Kafin mu hango gari rana ta take tsaka, tsumman ya manne da nama.

A Asamaka, gindin wata rumfar buhu, na tarar da wani ɗan kasuwa mutumin Tasawa yana sayar da ruwa da biskit. Ya ga ƙafata ya ce, "Sannu, bawan Allah. Mutumin ina ne?"

"Baure, ta Daura."

"Ashe na gida ne." Ya ba ni ruwa kyauta. Sannan ya ciro waya. "Kira ɗaya, katin ya kusa ƙarewa. Ka sanar da mutanenka."

Lamba biyu na haddace. Ta yayan Hinde, wanda ta wayarsa nake samunta, da ta Madam Salima. Na riƙe wayar ina tunani. A cikin jakar nan akwai wayata, da katina, da duk abin da na tara a shekara biyu, ɗinke a cikin shafin jakar da zaren Malam Idi. In Madam ta aika wa Malam Idi jakar, zai san yadda zai iso da ita gida. In ba haka ba, hannu rabbana zan shiga Baure. Na ce a raina, minti ɗaya ya isa, sauran in kira gida. Na danna lambar Madam.

"Habu!" ta ce. "Ina ka shiga? Ka san halin da ka bar shi?"

"Madam, kama ni aka yi. Ina bakin iyakar Nijar. Jakata..."

"Na sani, tsohuwar ta gaya mini. Ka san ta ƙi buɗe ƙofar? Makulli a hannunta, amma ta ce ita ba ta shiga ɗakin kare. Kujera ta jawo ta zauna a bakin ƙofa tana yi masa surutu ta ƙasan ƙofar, tun hantsi har na dawo. Zaginsa take yi, wai in ta yi shiru sai ya fara. Ko sallar azahar a nan ta yi."

"Allah ya saka mata. Madam, jakar..."

"Si Jamal ya aiko direba ya karɓa tun washegari. Ya ce zai kai maka."

Ƙudaje sun taru a kan tsumman ƙafata, ban ko kore su ba.

"Kana ji na? Habu, ya koma kamar da. Ba ya cin abinci, yana kwance a bakin ƙofa yana jiranka. Carbin nan naka, minti nawa ne guda ɗaya? Daga nawa zan fara?"

Ba ta tambayi ko na ci abinci ba. Ba ta tambayi yadda na iso inda nake ba. Na buɗe baki in faɗa mata maganar da ta dace da ita, sai na tuna ba ita za ta sha wahalar ba.

"Ki koma farko," na ce. "Ki fita ki ƙirga uku ki dawo. Kada ki yi gaggawa. Kada ki karɓi komai daga hannun mutumin nan."

"To, to. Tsaya, ga shi nan, zan sa masa wayar a kunne. Yi masa magana, don Allah, ko zai ci."

Na ji numfashi, huci-huci, da ɗan siririn kukan nan. Mutane suna zaune kewaye da ni, kowa da raunin ƙafarsa. Na juya musu baya, na yi ɗan fiton da nake yi masa, na ce da Hausa, "Kai, Sukkar. Ya isa. Kwanta. Kwanta, ɗan nema, ci abincinka." Kukan ya tsaya. Na ji wani abu yana bugun tayil, bat, bat, bat. Wutsiya ce.

Sai wayar ta yi ƙara ta mutu. Kati ya ƙare.

Na miƙa wa mutumin Tasawa abinsa da hannu biyu. Idonsa ya yi ja don tausayi.

"Allah sarki," ya ce. "Ɗanka ne kake lallashi?"

Da na yi ƙarya, da ya saya wani katin, na ga alamar haka a fuskarsa.

"A'a," na ce. "Kare ne."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya kama bakin rigarsa ya goge ta gaba da baya, ya sa a aljihu, ya ja kwandon biskit ɗinsa can gefe.

Sai bayan kwana shida, a Agadas, Hinde ta ji cewa ina raye.